Lalas a Bayan Adda Sabuwa

Ranar da Ya'u ya dawo da mahaifiyarsa daga asibitin Kano, babu wanda bai sani ba a Ɗanzomo. Da rana tsaka mota ta sauke su a ƙofar gida. Adda Sabuwa ta sauko da ƙafarta ba mai riƙe ta, ita da aka fita da ita a kwance tana cije gefen zane. A shekarun nan na bayan babban fari, wanda ya kai tsohuwarsa Gumel aka yi mata allura ma ya yi abin faɗa, balle birni. Ya'u dillalin shanu ne a kasuwar Maigatari, kuma farin da ya karya wasu shi ɗaga shi ya yi. Daga wannan rana sunansa a gari ya koma ɗan albarka. Iyaye da shi suke yi wa 'ya'yansu gori.

Abin da aka yi wa Adda a can, allura ce doguwa aka soka mata a ƙasan gadon baya don a kashe jijiyar da ke kawo zafin. Likitan bai ɓoye komai ba. Ta bakin malamin asibiti mai yi masa tafinta ya ce da Ya'u allurar nan ba kowa take yi wa ba. Idan zafin ya dawo, da sauran hanya. Akwai ɗamarar da ake ɗaura wa baya, akwai motsa jiki da za a koya mata, akwai kwanciya a gadon asibiti a ja ƙugun a hankali, in ta kama kuma a yi aiki a ɗage abin da ya danne jijiyar. Ya ce kada ta yi daka, kada ta ɗauki kaya a ka. Ya kuma ce in ƙafa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, to kada a kwana, a kawo ta.

Ya'u ya ji wannan da kunnuwansa biyu. Amma da yake ba da labari a zaure, tsawon allurar yake aunawa da hannu, ya kwatanta farar rigar likita da fitilun da ba sa cin kananzir. Sauran maganar ta zube masa a hanya tsakanin Kano da Gumel.

Ya'u shi ne ɗan farin Adda, ita kuwa mutuniyar da ce, mai kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba sa zama tabarma ɗaya. Da safe zai tsaya daga bakin ƙofar ɗakinta ya rusuna.

"Adda, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau," za ta ce, fuskarta na kallon bango.

Iyakar hirarsu ke nan. In da wata magana, sai ta faɗa wa matarsa Hannatu, ita kuma ta kai masa. Mutane suna yaba wannan, ni ma ban ce laifi ba ne. Amma abin da aka yi don girmamawa, in ya faɗa hannun mai neman hanyar zillewa, ya samu.

Tun da Ya'u ya yi babur ya ɗaga katanga, ya saka Hannatu a kulle. Matar babban dillali ba ta zuwa rijiya. To, rijiyar Ɗanzomo kuwa kowa ya san zurfinta, sai ka ja igiya har hannunka ya mutu kafin guga ya leƙo. Wa zai je? Tsohuwa ba ta da kulle. Kwanakin farko maƙwabta suka riƙa taimakawa, daga baya kowa ya koma hidimarsa. Wata safiya randa ta wayi gari ƙaf, Ya'u na tsaye da buta yana faɗa, ba da kowa ba, da iska. Adda ta ji daga ɗaki. Ta ɗauki tulu da gammo ta fita ta bayansa. Ya gan ta. Sai ya sunkuya yana gyara wani abu a jikin babur har ta wuce.

Damina na faɗuwa zafin ya dawo, ya kuma zo da ƙari. Yanzu daga ƙugu yake tasowa ya bi bayan cinyar hagu har ɗan yatsa. Adda ta daɗe tana juya maganar a ciki kafin ta kira Hannatu.

"Ki ce da mai gidanku bayan nan ya ɗan motsa."

Hannatu ta jira ya ci tuwo ya sha ruwa, sannan ta ce, "Adda ta ce bayan yana ɗan taɓa ta."

"Sanyin damina ne. Ki dafa mata citta da kanwa."

"Na ga kamar tana jan ƙafa."

"Ta ce miki a mai da ita Kano?"

"Ba ta ce ba."

"To. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Haka maganar take tafiya kullum. Ta fito daga bakin Adda an riga an rage mata rabi saboda kunya, Hannatu ta ƙara ragewa saboda tsoron miji, kafin ta isa kunnen Ya'u ta zama abin da citta za ta warkar. Shi kuwa bai taɓa tambayar ƙari ba. Me zai ce da mutanen da ya auna wa tsawon allura? Ya ce aikin birnin bai yi ba? Ga kasuwar Maigatari ran Alhamis, ga ta Gumel, ga fatake daga Damagaram da ba sa yarda da bakin kowa sai nasa.

Da jan ƙafar ya fito fili har mata suka fara magana a bakin rijiya, Ya'u ya tafi wurin Kawu Ilu, ƙanen marigayi mahaifinsa, wanda shi ne babba a dangi. Bai gaya masa abin da likita ya ce ba. Cewa ya yi ciwon ya ɗan waiwayo, me ya gani?

Kawu Ilu ya gyara zama. "Ai kai ka fita, ɗana. Wanda ya kai uwa birni ya sauke nauyi. Abin da allurar Bature ta rage, namu na gida sai ya ƙarasa. Mu da muka tashi, wa ya san Kano don ciwon baya?"

Ya'u ya dawo gida da sauƙin zuciya, kamar wanda aka sauke wa buhu.

Aka fara da ƙaho. Wanzami ya zo ya tsattsaga mata baya ya zuƙe jini, ya nuna baƙinsa ya ce ga mugun nan ya fito. Aka bi da jiƙe-jiƙe masu ɗaci, aka bi da rubutu. Adda ta sha duk abin da aka miƙo mata, ta yi godiya. Tulu dai bai sauka daga kanta ba, sai dai yanzu takan tsaya a hanya ta dafa dangar mutane, ta yi kamar ƙaya take cirewa.

Daga nan Kawu Ilu ya ce saura lalas. Ya aika aka kira Dogo daga rugar yamma, mutumin da ke gasa ƙarfe ya ɗora wa saniya a inda ta gurɗe, yana kuma yi wa mutane in an roƙe shi. Aka hura gawayi a tsakar gida da hantsi. Mata biyu na maƙwabta suka kwantar da Adda rubda ciki suka danne ta, Hannatu ta riƙe mata kai tana kau da fuska. Ya'u da Kawu suna zaure, don ɗan fari ba ya ganin bayan uwarsa.

Dogo ya ciro ƙarfen ya yi ja, ya yi bisimilla, ya ɗora a ƙasan ƙugu wajen hagu. Ƙaurin ya cika gidan. Matan suka ƙara dannewa suna jiran ta zabura. Ba ta motsa ba. Ya mai da ƙarfen wuta ya sake ɗorawa a bayan cinya, sannan ƙasa da nan. Ko uffan.

Dogo ya fito zaure yana share gumi. "Na yi wa maza ƙarti sun yi ta ihu har da kiran iyaye. Wannan tsohuwa ko numfashinta bai sauya ba. Irin su sun ƙare."

"Jinin gidanmu ke nan," in ji Kawu Ilu, ko da yake ba jininsu ba ce.

Ya'u ya ji daɗi, baki har kunne. Kafin la'asar labari ya zaga gari, mata na shigowa sannu suna cewa Adda akwai dauriya, suna zungurar 'ya'yansu mata su ga yadda ake zama mace.

Adda tana kwance tana amsawa. Ita kaɗai ta san ba dauriya ba ce. Ƙauri ta ji, ta ji ƙarar fata, amma zafin ƙarfen bai zo mata ba ko kaɗan, kamar a jikin wata aka ɗora shi. Ta so ta faɗa. To, ta ce me, bayan gari duka ya gama yabonta, ɗanta kuma na zaure yana karɓar barka? Da Hannatu ta kawo mata kunu ta buɗe baki, sai abin da ya fito shi ne, "Ki ce da shi an gode."

Ba a yi mako ba ƙafar ta ƙi ɗaukarta. A bakin rijiya ta zube, tulu ya fashe, aka kawo ta gida a bayan jaki. Washegari da sassafe sai ga mai ga-ruwa da garwa biyu a ƙofar gida, Ya'u ya yi magana da shi ya riƙa kawowa kullum. Ashe akwai masu ga-ruwa a Ɗanzomo tun da can.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ci wa Adda rai. Ta farka ta tarar da tabarma a jiƙe, ba ta san lokacin da abin ya faru ba. Mace mai jikoki, wadda ko tari ba ta yi a gaban surukai. Ta ja jiki ta wanke zanen a cikin ƙwarya, ta shanya a bayan ƙofa inda ba mai gani. Ta rage shan ruwa har leɓenta ya tsattsage. Ta riƙa neman garwashi tana zuba turare, ita da ba ta damu da turare ba tun rasuwar mijinta. In ta ji sallamar mata sai ta ja mayafi ta yi kamar barci. Salla ce ta fi sa ta kuka. Za ta yi tsarki ta yi alwala ta tayar daga zaune, kafin ta kai raka'a ta biyu ta ji sanyi a zane, ta rasa ko sallar ta karɓu. Wa za ta tambaya? Malamin unguwa abokin ɗanta ne.

Hannatu ta sani, hanci ba ya ƙarya. Takan shiga ta kwashe zannuwan ta ce za ta haɗa da nata wanki, Adda ta kau da kai, kowace ta yi kamar ɗayar ba ta gane ba. Sau ɗaya Hannatu ta yi ƙarfin hali.

"Jikin Adda fa sai a hankali. Akwai abin da ba ya faɗuwa."

"In ba ya faɗuwa, ki bar shi," Ya'u ya ce yana ɗaure jaka a bayan babur. "Ƙunar lalas ce, sai ta warke za a ga amfaninsa. Ni da nake gaishe ta kullum tana ce min lafiya lau, ke kin fi ta sanin jikinta ne?"

Gaisuwar kuwa bai fasa ba, sai dai ya ja baya kaɗan daga bakin ƙofar. An ce shiru ma magana ce, amma sai ga mai son ji.

Bayan an gama kaka Zinariya ta zo daga Gagarawa inda take aure. Ita ce autar Adda, ita babu kunya tsakaninsu, har wasa suke. Ta faɗa ɗakin da sallamarta da dariyarta, sai dariyar ta tsaya. Ta yaye mayafin. Ƙunar cinyar ba ta warke ba, ta rurrufta ta yi ruwa, ƙafar ta tsotse kamar tsinke.

"Adda, tun yaushe?"

"Rufe ni, 'yar nan."

"Tun yaushe kike haka?"

"Rufa min asiri, kada ya ji."

Zinariya ta fita ba mayafi, ta sami wanta a zaure da baƙi biyu, ta tsaya a kansa har baƙin suka ga ya kamata su tashi.

"Yaya, yaushe rabonka da ganin Adda?"

"Yau da safe na gaishe ta."

"Ban ce gaisuwa ba. Ganinta."

"Ke kin san tsakanina da ita. In shiga ɗakinta? Ita ce ma za ta fara jin nauyi."

"Da ka kai ta Kano a kwance, wa ya ɗauke ta ya sa a mota? Ba kai ba? Ran nan nauyin ina ya tafi? Ko don ran nan akwai 'yan kallo?"

Ya ɗaga hannu kamar zai mare ta, ya sauke. Ta gaya masa abin da ta gani da sunansa, ba ragi, kalmar da duk gidan aka yi watanni ana kewaye ta. Ya'u ya tuna inda ya taɓa jin kalmar, da abin da aka ce a yi in ta zo.

Washegari suka tafi Kano su uku. Wannan karon ta ƙofar baya aka fito da ita.

Likitan da ya yi allurar shi suka tarar. Ya sa aka juya ta, ya daɗe yana kallon tabon ƙarfen. Ya ɗauki tsinken allura yana tsikarar cinyar da tafin ƙafa yana tambaya ko ta ji, tana girgiza kai. Sannan ya juyo wajen Ya'u, tafinta na mayarwa.

"Ya ce kai ne ka kawo ta wancan karon?"

"Ni ne."

"Ya ce ya gaya maka abin da za ka lura da shi?"

Ya'u ya dubi ƙasa.

"Ya ce tun yaushe fitsarin ya daina riƙuwa?"

Bai sani ba. Zinariya ta ja numfashi za ta amsa, sai murya ta fito daga kan gado, a hankali, fuskar na kallon bango.

"Malam, ka ce da likita yaron nan bai sani ba. Ni na ɓoye. Kullum yana tambayata ina ce masa lafiya. Laifina ne."

Tafinta ya mayar. Likitan ya dubi tsohuwar, ya dubi ɗan. Abin da ya ce shi ne, da an kawo ta lokacin da zafin ya dawo, da ɗamara da hutu da jan ƙugu wataƙila sun isa. Da an kawo ta lokacin da ƙafar ta fara mutuwa, da an yi aiki an ceci jijiyar. Yanzu ta daɗe a danne ta mutu. Za su wanke gyambon su ba da abin rage zafi, su koya wa mai jinya yadda za ta riƙa juya ta. Amma tafiya da riƙon fitsari, kada su sa rai.

Da suka dawo Ɗanzomo, zaure ya sake cika da 'yan sannu. Na so a ce Ya'u ya rufe bakinsa ran nan. Amma da Kawu Ilu ya tambayi abin da likita ya ce, sai ya karkata kai ya yi muryar tausayi.

"An makara, Kawu. Ita ce ta ɓoye mana. Da bakinta ta faɗa a gaban likita."

"Allah sarki. Mutanen da, kunya kamar ta kashe su. Kai dai ka yi, sau biyu kana kai ta birni."

Aka yi ta sa masa albarka. Rigar da uwarsa ta cire ta rufa masa a gaban baƙo, ita ya sa ya fito da ita kasuwa.

Zinariya tana jin su daga tsakar gida. Ta shiga ta ce da Adda ta shirya, Gagarawa za su, mijinta ya yarda, ta riga ta yi magana da mai a-kori-kura. Kowa ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ta bar gidan ɗanta namiji yana raye da wadatarsa ta koma cin tuwon suruki, wannan tonon asiri ne da ba ya rufuwa. Ya'u ya zo da sauri ya tsaya a inda ya saba tsayawa.

"Adda, kina jin abin da yarinyar nan ke shirin yi? Me mutane za su ce da ni?"

Hawaye na gangarowa cikin kunnen Adda. Ta san in ta zauna, Hannatu ce za ta ƙare a wankin zannuwanta, su ci gaba da kau da kai daga juna har ta mutu. Ta kira Hannatu, ko da yake mai tambayar na tsaye taku kaɗan daga kanta.

"Ki ce da mai gidanku zan bi ta. Amma a gaya wa mai mota ya zo da asuba, kafin a fito masallaci. In an tambaya, a ce autata ce ke da ciki na je taya ta zama."

Zinariya ta toshe baki da gefen zane. Hannatu ta juya za ta maimaita saƙon. Ba a ma buƙaci ta maimaita ba, Ya'u ya ji. Nan ne ya kamata ɗa ya tsallake bakin ƙofar nan ya durƙusa ya ce a'a, a ɗauke ki da rana in ɗauka za a yi, kowa ya ga abin da na yi. Ya'u ya ɗan yi tunani, ya gyara hularsa.

"Hakan ma ya fi," ya ce. "Bari in je in gaya wa direban da kaina, kada ya makara."